Tambayoyi da Amsoshi: Kula da Bareyi da Tsare Ƙaramin Gandun Farauta na Iyali a Amurka

A jihohin Amurka irin su Missouri da Ohio da Wisconsin da Georgia, iyalai da yawa suna da ɗan yankin daji na gado ko na saye, eka 40 zuwa 100, wanda suke fita farauta a cikinsa duk kaka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu irin wannan gandu suka fi yi. Dokar farauta a Amurka ta jiha ce, kowace jiha da tata, don haka duk inda aka ambaci doka a nan sai mai gandu ya duba littafin dokokin jiharsa na wannan shekarar.

Wace barewa ake nufi, kuma ta wane ne?

Barewa mai farar wutsiya ake nufi. Ta fi barewar da aka sani a ƙasar Hausa girma nesa ba kusa ba, kuma ƙahon kishiminta yana da rassa, yana faɗuwa tsakanin Janairu da Maris, wani sabo ya fito. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa ta kusa ƙarar da ita, abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce 500,000 ba. Yau ana ƙiyasta akwai kusan miliyan 30.

Ƙasa taka ce, amma barewar da ke kanta ba taka ba ce. A tsarin Amurka namun daji na al'umma ne, jiha ce ke riƙe da su amana. Ikon mai gandu ya tsaya ne kan wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Lokacin farauta da adadin da za a kashe da irin makamin da za a ɗauka, duk hukuma ce ke yankewa. Wanda ya harbe barewa a filinsa bayan an rufe lokaci, ko ba tare da takardar izini ba inda ake buƙatarta, ya aikata farautar sata, daidai da baƙon da ya tsallako shinge. Sayar da naman barewar daji ma haramun ne a doka.

Eka 40 ko 80 za su iya riƙe bareyi kuwa?

Ba za su riƙe su dare da rana ba. Kishimi baligi yana yawo ne a fili da ya kai kimanin murabba'in mil ɗaya, wato eka 640, a lokacin barbara kuma, wajen tsakiyar Nuwamba a jihohin arewa da na tsakiya, yakan wuce haka. Mata sun fi zama wuri guda. Sannan fiye da rabin 'yan mazan suna barin inda aka haife su idan sun kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, su yi tafiyar mil ɗaya zuwa biyar su kafa sabon wuri.

Abin da ƙaramin gandu zai iya shi ne ya zama inda barewa ke kwana da rana. Barewa tana iya cin abinci a gonar maƙwabci da daddare, wannan ba asara ba ce, tunda doka a yawancin jihohi ta yarda da harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Wanda ya mallaki makwanci ya fi wanda ya mallaki akushi.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga taswira, kafin a taɓa zarto ko iri. A buɗe hoton tauraron ɗan adam, a duba mil ɗaya ta kowace kusurwa, a ga abin da unguwar ta rasa. Idan gonakin masara da waken suya ne suka kewaye ka, abinci ba shi ne matsala ba sai bayan girbi, maɓoya ce babu. Idan kuwa dajin manyan itatuwa ne ko'ina, abinci ne babu. Abin da maƙwabta ba su da shi, shi za ka samar.

Bayan haka a kira masanin namun daji na jiha mai kula da filayen masu zaman kansu. A jihohi da yawa zuwansa kyauta ne, zai zaga gandu da ƙafa ya rubuta tsari. Hukumar NRCS ta ma'aikatar noma ta tarayya kuma tana da shirin EQIP, wanda ke biyan wani kaso na kuɗin rage itatuwa da kashe baƙin tsirrai da ƙona daji bisa ƙa'ida. Sharaɗinsu shi ne a sa hannu kan yarjejeniya kafin a fara aiki. Wanda ya yi aikin sannan ya je neman kuɗi ba zai samu ba.

Dajinmu cike yake da dogayen itatuwa, ga inuwa ga kyau. Me ya sa ba mu ganin bareyi?

Saboda barewa ba ta hawa bishiya. Duk abin da ya wuce ƙafa biyar daga ƙasa ba shi da amfani gare ta, in ban da 'ya'yan itace da ke faɗowa. Ita ba kamar saniya take ba da za ta duƙufa kan ciyawa. Tsintar abinci take yi: toho, danyen ganye, tsirrai masu faɗin ganye, kan reshe mai laushi. Babbar barewa tana cin kimanin kilo 2 na busasshen abinci a rana, kuma uwa mai shayarwa da kishimi mai fitar da ƙaho suna son abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 cikin ɗari.

Dajin da rassansa suka haɗe a sama, rana ba ta sauka ƙasa, abin da yake bayarwa wanda barewa za ta iya kaiwa bai wuce kilo 25 zuwa 45 a eka ba. Tsohuwar gona da aka bari ta yi kunƙurmin tsirrai kuwa tana ba da fiye da kilo 450 a eka. Ga gwaji mai sauƙi: ka durƙusa a tsakiyar dajin a watan Yuli, idanunka daidai tsayin barewa. Idan kana hangen abin da ke nisan yadi 80, wurin ba abinci ba maɓoya. Idan kuma ka ga ganyen itatuwa ya yanke tsaf a layi ɗaya daidai ƙirjin mutum, kamar an bi da almakashi, bareyin sun fi ƙarfin abincin da ke wurin.

Magani shi ne rana. A rage itatuwa har kashi 30 zuwa 50 na hasken rana ya riƙa sauka ƙasa. A cikin shekara biyu wurin zai cika da toho da ƙaya da tsirran da irinsu ke kwance a ƙasa tun tuni. Masu gandu da yawa hannunsu yana rawa wajen sare bishiya mai rai, kuma an fahimci dalili, amma babu aikin da ya kai wannan amfani a ƙaramin gandu.

Itatuwan ok (oak), manyan itatuwan daji da bareyi ke cin 'ya'yansu idan sun faɗo, su ne ake tattali. Farin ok yana nuna 'ya'ya cikin shekara guda, ba su da ɗaci sosai, bareyi sun fi son su, amma suna tsirowa da wuri su ƙare. Jan ok yana ɗaukar shekara biyu, 'ya'yansa sun fi ɗaci, sai dai suna daɗewa a ƙasa har tsakiyar hunturu. A bar duka biyun, a zaɓi masu faɗin kai da aka san suna 'ya'ya, a cire itatuwan da ke gogayya da su ta kowane gefe. Kuma kada a dogara da su, domin ba kowace shekara suke zuba da yawa ba.

Yaya ake rage itatuwan?

Idan akwai katako mai daraja, a ɗauki masanin gandun daji mai zaman kansa ya yi wa itatuwa alama ya kira masu saye su yi tayi. Kada a bar mai sayen katako ya zaɓa da kansa. Zai kwashe mafi kyau ya bar maka gurgu da karkatacce.

Ga itatuwan da ba su da kasuwa, hanya mafi sauri ita ce sara da feshi. Ana sarar bishiya da ƙaramin gatari a karkace zuwa ƙasa, sara ɗaya ga kowane inci uku na kaurinta, a fesa maganin kashe tsiro a cikin ramin saran gwargwadon abin da takardar maganin ta ce. Bishiyar za ta mutu a tsaye, ta zama gidan tsuntsaye. Ba a yin wannan a ƙarshen hunturu lokacin da ruwan bishiya ke hawa da ƙarfi, domin zai wanke maganin. Wanda ke amfani da maganin kashe tsiro mai suna imazafir ya yi hattara kada ya zuba a ƙasa, saboda saiwa tana ɗaukarsa, yana iya kashe ok ɗin da ake son ceto.

Akwai kuma rabin yanka, wanda ake yi don makwanci. Ana yanka kashi biyu cikin uku na jikin bishiya daidai kugu ko ƙirji, a tura ta ta kwanta, sauran ɓawon ya riƙe ta da rai tana toho a ƙasa. Ga ƙananan itatuwa ne kawai, waɗanda kaurinsu bai wuce inci shida ba. Babbar bishiya tana iya tsagewa a tsaye, gindin ya yi tsalle baya ya daki mai yanka a fuska ko ƙirji. Hular kwano da wandon kariya daga zarto wajibi ne, kuma ba a yin wannan aiki mutum ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwantar da itatuwa barkatai har wurin ya toshe. Barewa ba ta kwana inda ba ta da ƙofar gudu biyu ko uku. A yi makwanci na rabin eka zuwa eka biyu, a yanke hanyoyi masu faɗin ƙafa biyu zuwa uku a ciki.

Tsohuwar makiyaya fa, a bar ta haka?

Idan ciyawar feskiyu ce ko bamuda ta shimfiɗe ta, barewa ba ta samun komai a ciki, ɗan barewa ma ba ya iya tafiya a cikinta. Feskiyu ana fesa mata maganin kashe ciyawa gilifoset a kaka, bayan raɓar ƙanƙara ta fara sauka amma ciyawar tana nan kore, kimanin lita biyu a eka. Ba sai an shuka komai ba. Irin da ke ƙasa zai tsiro da kansa, kuma yawancinsa abinci ne mai kyau. A bi baƙin tsirrai masu mamaya irin su kudzu da furibet a kashe su tun suna ƙanana.

Daga nan sai a riƙa ƙona kashi ɗaya cikin uku na filin duk shekara, kowane yanki ya sha wuta bayan shekara biyu zuwa uku. Wuta tana son layin kariya na tsirarar ƙasa mai faɗin aƙalla ƙafa goma, da danshin iska tsakanin kashi 30 da 50, da iska mai tafiya ta fuska ɗaya a natse, da izinin hukuma inda ake buƙata. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da zuwa horo.

Injin yankan ciyawa kuwa a ajiye shi daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Barewa tana ɗaukar ciki kwana 200, tana haihuwa a ƙarshen Mayu da Yuni, kuma ɗan da aka haifa yana lafewa ne cikin ciyawa ba ya motsi ko inji ya zo kansa. Wannan duhuwar ce kuma ke ɓoye shi daga koyote, ɗan uwan dila, wanda ke cin 'ya'yan bareyi da yawa musamman a jihohin kudu maso gabas.

Me ake shukawa a fegin abinci, kuma nawa?

Kashi 3 zuwa 5 na gandu ya isa, wato eka biyu zuwa huɗu a gandu mai eka 80. A fara da gwajin ƙasa. Idan ma'aunin pH ya gaza 6, wato ƙasar ta yi tsami da yawa, takin zamani asarar kuɗi ne, domin tsiro ba zai iya ɗaukar yawancinsa ba. Ana gyarawa da garin farar ƙasa, sau da yawa tan ɗaya zuwa biyu a eka, kuma yana ɗaukar kusan wata shida kafin ya yi aiki.

Farar kuloba, wata gajeriyar shuka dangin wake, ita ce ginshiƙi: kilo biyu a eka, a ƙasa mai laushi da aka danne, zurfin da bai wuce rubu'in inci ba. Binne iri da zurfi shi ne ya fi kashe fegin kuloba. Idan an kula da ita tana yin shekara uku zuwa biyar. A kaka ana watsa hatsin da ake kira rai (rye) ko alkama, kimanin kilo 45 a eka, su rufe kuloba su kuma ba da kore har cikin sanyi. Dangin kabeji irin su tanif da radish kilo biyu a eka ne, wanda ya ninka iri zai samu ganye cunkus babu saiwa. A jihohin kudu ana shuka wake a lokacin zafi, wake dai irin wanda aka sani a gonakin Kano da Maraɗi, domin yana jure fari da kiwo. Waken suya kuwa a fegin da bai kai eka biyu ko uku ba, bareyi kan cinye shi tun yana ganye biyu.

A kafa ɗan keji na waya mai faɗin ƙafa uku a tsakiyar kowane fegi. Idan tsiron cikin keji ya kai gwiwa, na waje kuma yana manne da ƙasa, shuka ta yi, bakuna ne suka yi yawa. Idan ciki da waje duk babu, matsalar ƙasa ce ko ruwa.

Ba zai fi sauƙi a zuba masara da gishiri ba?

A Texas doka ta yarda a yi farauta kan abin da aka zuba a fili mai zaman kansa. A Missouri haramun ne, kuma ana ɗaukar wurin a matsayin mai tarkon abinci har kwana 10 bayan an kwashe. Illinois ta hana ciyar da bareyin daji gaba ɗaya.

Ko inda aka yarda, shawararmu a bari. Tulin masara yana haɗa bakuna da miyau wuri ɗaya, kuma ta haka cutar ramewa, wadda ake kira CWD, take yaɗuwa. An fara ganinta a Colorado a 1967, ta bayyana a bareyin daji na Wisconsin a 2002, yanzu tana cikin jihohi fiye da 30. Gurɓataccen furotin ne ke kawo ta, ba ta da magani ba ta da rigakafi, kuma yana zama cikin ƙasa shekaru. Barewa tana iya ɗauke da ita fiye da shekara tana da ƙiba. A yankin da cutar take, a kai kan barewa gwaji, kuma hukumar lafiya ta CDC ta ce kada a ci naman da aka samu da ita. Ban da haka, barewar da ta saba da rassa a hunturu idan ta cika tumbi da masara farat ɗaya, tumbin yakan yi tsami ta mutu da cikakken ciki.

Kada a rikita wannan da cutar EHD, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa a Agusta da Satumba, musamman shekarar fari. Ita kisan gaggawa take yi, ana tsintar gawarwaki a bakin ruwa, kuma tana tsayawa da zarar sanyi ya kashe ƙwarin.

Bareyi nawa ya kamata a harba a shekara?

Yawan garke a hannun mata yake. Cire kashi 20 zuwa 30 na manyan mata duk shekara yakan tsayar da garke inda yake. A ƙaramin gandu lissafin kyamarar da ake ɗaurawa a daji tana ɗaukar hoton dabbobi da kanta ba ya ba da adadi na gaskiya, tunda bareyin na unguwa ne, don haka kejin fegi da layin ganye su ne ma'auni. A rubuta nauyin kowace barewa da aka kashe, a ajiye muƙamuƙinta don gane shekaru ta haƙora. Idan nauyin 'yan shekara ɗaya da rabi yana sauka shekara bayan shekara, a ƙara harbin mata. Maza kuma, mai son babban ƙaho ya ƙyale ɗan shekara ɗaya da rabi ya wuce. Kishimi ba ya cika sai ya kai shekara huɗu da rabi zuwa biyar da rabi.

Kyamara tana nuna su da daddare, da rana shiru. Me ke faruwa?

Sun san kana nan. Hancin barewa shi ne makaminta, kuma warin sawun mutum yana zama a ƙasa bayan ya tafi. A ware kashi ɗaya cikin huɗu ko ma cikin uku na gandu, mafi duhuwa, a haramta wa kowa shiga sai don ɗauko barewar da aka harba. Hanyoyin zuwa inda mafarauci ke laɓewa su bi gefen iyaka, ba tsakiya ba. Kowane dakalin kan bishiya, wato mazaunin da mafarauci ke ɗaurawa a sama yana jiran barewa, yana da iskar da ta dace da shi, in ba ita ke kaɗawa ba a haƙura. A wurin tudu iska tana hawa da safe idan rana ta ɗumama ƙasa, tana gangarowa da yamma. Kuma duk mai hawa bishiya ya ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, domin faɗowa daga dakali ta fi harsashi jikkata mafarauta.

Ta yaya za a gane ana shigo mana?

Sawun taya a bakin ƙofa bayan ruwan sama, wayar shinge da aka danne ko aka yanke, ƙyalle mai haske ko ƙusa mai ƙyalli a jikin itatuwa da ke nuna hanya, rassa da aka datse don buɗe layin harbi, tulin masara da ba ku kuka zuba ba, kayan ciki a gefen titi. Mafi muni shi ne gawar kishimi da aka yanke kai aka bar nama yana ruɓa. Gandun da masu shi ke zaune a birni, ba a ganin kowa sai ƙarshen mako, shi ne abin hari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A riƙa gyara bakin ƙofa, a sauya lokutan zuwa, kuma a daina saka hoton babban kishimi a Facebook, domin mutanen unguwa suna gane wuri da bishiya ɗaya ko tudu ɗaya da ya fito a hoto.

Yaya ake yi wa iyaka alama yadda kotu za ta karɓa?

Da farko a kira safiyo mai lasisi. Layin da manhajar waya ke nunawa yana iya kaucewa da yadi da dama, tsohon shinge ma ba lallai yana kan iyaka ba.

Sannan a bi ƙa'idar jiha daidai. A New York allon gargaɗi dole ya kai inci 11 ta kowane gefe, ya ɗauki suna da adireshin mai fili, kuma tazara kada ta wuce ƙafa 660. Jihohi da dama, ciki har da Missouri tun 1993 da Texas tun 1997, sun amince da fenti shunayya a madadin allo. A Texas layin fenti yana tsaye ne, tsawon aƙalla inci 8, faɗin inci 1, ƙasansa tsakanin ƙafa 3 da 5 daga ƙasa, tazara ƙafa 100 a daji, ƙafa 1,000 a fili. Fenti ya fi allo domin ba a yage shi. A Maine da Vermont kuwa, filin da ba a yi wa alama ba a buɗe yake ga mafarauta bisa al'ada da doka, don haka rashin alama kamar gayyata ne. Ohio tana buƙatar duk mai farauta a filin wani ya riƙe rubutaccen izini. Ko jiharka ba ta ce haka ba, ka ba kowane baƙo takarda mai kwanan wata, ka sanar da jami'in namun daji cewa wanda ba shi da ita ba naka ba ne. A ɗauki hoton alamomin duk shekara kafin buɗe farauta.

Masu haska fitila daga titi fa?

Barewa idan haske mai ƙarfi ya daki idonta takan sandare, mai harbi daga tagar mota ya gama cikin daƙiƙoƙi. Abin da ba su gani ba, ba za su harba ba. Kada a yi fegin abinci inda ake hangensa daga titi. Inda fili ya riga ya buɗe, a dasa labule. Na gaggawa shi ne doguwar dawa da ake kira alkamar Masar, wadda ke kai ƙafa 10 zuwa 12 a damina ɗaya, a shuka ta faɗin ƙafa 15 ko fiye, da isasshen taki, ba cunkus ba, in ba haka ba iska da dusar ƙanƙara za su kwantar da ita tun Disamba. A bayanta a dasa layi biyu ko uku na itatuwan da ba sa zubar da ganye, irin su sida da sufurus, waɗanda za su karɓi aikin bayan wasu shekaru. Idan abin ya ci gaba, a gaya wa jami'ai ranaku da sa'o'in da ake jin harbi. Suna da barewar roba mai motsa kai da wutsiya da suke kafawa don kama irin waɗannan.

A ina ake sa kyamara?

Kyamarar tsaro daban take da ta kallon bareyi. A ɗaura ta ƙafa 10 zuwa 12 a sama tana kallon ƙasa, domin mutum ba ya ɗaga kai yana tafiya. A zaɓi wadda fitilarta ba ta ja da daddare, kuma mai aika hoto ta layin waya, yadda ko an sace ta hoton ya riga ya iso. Ɗaya ta kalli inda mota ke tsayawa, a karkace, don lambar mota ta fito. Dabara mai kyau ita ce a sa tsohuwar kyamara a fili inda kowa zai gani, ta gaskiyar kuma tana sama tana kallonta. A duba doka: Arizona ta hana amfani da kyamara don farauta tun farkon 2022.

Idan na ci karo da mutum da bindiga a gandunmu?

Kada ka tunkare shi da faɗa, kada ka nuna shi da makami, kada ka tare masa hanya ko ka ce za ka ƙwace bindigarsa. A Nuwamba 2004, a gundumar Sawyer ta Wisconsin, gardama kan wani da aka samu a dakalin bishiya a filin da ba nasa ba ta ƙare da mutuwar mafarauta shida. Babu ƙahon da ya kai ran mutum.

Ka ja baya, ka lura da lambar mota da launinta, da kayan jikinsa, da lokaci, da inda ya nufa, ka kira jami'in namun daji ko ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma. Jihohi suna da layin tona asirin masu farautar sata, wanda ake iya kira ba tare da faɗin suna ba. Idan gawa ka tarar, kada ka taɓa ta, kada ka tattake sawu, kada ka tsinci kwanson harsashi. Ka ɗauki hoto daga nesa. Kuma idan an kama mutum, ka yarda a gurfanar da shi. Jami'i ba zai iya komai kan shiga fili ba idan mai fili ya janye, kuma labarin wanda ke yafewa kullum yana zaga gari da sauri.

Za a iya kafa ƙusoshi ko ɗaura waya a hanya?

A'a. A 1971 kotun ƙolin Iowa ta tabbatar da diyyar dala 30,000 a kan masu wani gidan gona da suka ɗana bindiga ta harbi wanda ya fasa gidan. Wayar da aka ja a hanya kuma tana iya fille wuyan yaro a kan babur. Ƙofar ƙarfe mai fenti mai haske da kwaɗo a cikin akwatin ƙarfe, da manyan duwatsu ko gungume a gefenta, sun wadatar.

Hukuncin yana da tsanani kuwa?

Ya danganta da jiha: tara, ƙwace bindiga, wani lokaci har mota, da soke lasisi. Ohio tun 2008 tana lissafa diyyar babban kishimi ne da awon ƙahonsa, wato jimillar tsawo da kauri da faɗin ƙahon da rassansa, idan ya haura inci 125: a cire 100 daga awon, a ninka sakamakon da kansa, a ninka da dala 1.65. Ƙaho mai inci 150 ke nan ya kama dala 4,125 ban da sauran tara. Yarjejeniyar da jihohi suka fara a 1989, wadda kusan dukkansu suka shiga, ta sa wanda aka soke wa lasisi a jiha ɗaya ya rasa shi a sauran. Wanda ya tsallaka da haramtacciyar dabba zuwa wata jiha kuma ya faɗa hannun dokar tarayya ta Lacey ta 1900.

Barewar da aka harba ta tsallaka filin maƙwabci, ko tasa ta shigo namu. Yaya ake yi?

A yawancin jihohi ba ka da ikon bin ta sai da izininsa. Iowa tana cikin 'yan kaɗan da suka yarda a bi jini a ɗauko, amma ba da makami ba. Don haka a yi maganar tun Agusta, ba da daddare ana tsaye a bakin shinge da tocila ba. A karɓi lambar waya, a amince cewa kowa zai kira kafin ya tsallaka, kuma mai fili yana iya raka shi. Kada a kafa dakali a kan iyaka yana kallon filin wani.

Daga wannan maganar ake kaiwa ga haɗin gwiwa. Gandaye goma masu eka 60 sun zama eka 600, kusan yawon kishimi ɗaya. Sai a zauna sau ɗaya a shekara kafin buɗe farauta, a yarda kan shekarun kishimin da za a ƙyale da adadin matan da za a cire, a buɗe zauren saƙo ɗaya a waya wanda jami'in namun daji na gundumar yake ciki, duk wanda ya ga baƙuwar mota a tsaye ko ya ji harbi bayan duhu ya rubuta lokaci da wuri nan take.